Riƙe tsohuwar mota a Yamai: abin da take ci a shekara da lokacin rabuwa da ita

Mafi yawan motocin da ke yawo a titunan Yamai sun yi shekaru a hannun wasu mutane a wata ƙasa kafin su iso Nijar. Tasi masu jan kai, faba-faba masu kai mutane unguwannin bayan gari, da Corolla ɗin da ma'aikaci ke zuwa ofis da ita, kusan duka na hannu ne. Mai saye yakan san kuɗin da ya biya ranar da aka miƙa masa makulli, amma kaɗan ne ke iya faɗin abin da motar ta ci masa a shekara guda. Wannan bayani ya tattara abubuwan da ke haɗuwa su zama kuɗin riƙe tsohuwar mota a Yamai, dalilan da ke sa wasu sassanta saurin lalacewa a nan, da yadda mai ita zai gane ko gyara ya fi masa ko sayarwa.

Daga ina motocin ke zuwa

Nijar ba ta da teku, ba ta kuma da masana'antar haɗa motoci, don haka mota da kayan gyaranta daga waje suke shigowa. Shekaru da dama babbar hanyarsu ita ce tashar jiragen ruwa ta Kwatano a Benin, sannan a biyo titi ta Malanbil, a ƙetare gadar kogin Kwara zuwa Gaya, a wuce Dosso a shigo Yamai, tafiyar sama da kilomita 1,000. Shi ya sa har a Kano ake kiran mota ta hannu da sunan ƴar Kwatano. A wancan lokaci tashar Lome ta Togo ita ce ta biyu.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. A shekarar 2020 ɗin ne ƙasashen CEDEAO suka amince da ƙa'idar taƙaita shekarun ƙananan motocin da ake shigowa da su zuwa biyar, tare da ba ƙasashe wa'adin shekaru su kai ga haka. A kasuwar Yamai kuwa, motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin ba abin mamaki ba ce.

Inda mota ta fito yana nuna irin ciwon da za a nema a jikinta. Wadda ta fito daga ƙasashen Turai masu ƙanƙara takan zo da tsatsa a ƙarƙashi, saboda gishirin da ake watsawa a tituna lokacin sanyi. Da yawa daga cikin na Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su bayan haɗari ko ambaliya, a gyara bodi a yi fenti. Agogon tafiyar motar Amurka kuma da mil yake ƙidaya, mil ɗaya kuwa ya kai kilomita 1.6, wato motar da ta nuna 150,000 ta haura kilomita 240,000. Ban da haka ana iya mayar da agogo baya. Lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ke ƙasan gilashin gaba ko jikin ƙofar direba, da ita ake binciken tarihin motocin Amurka a intanet, kuma dole ta yi daidai da wadda ke cikin takardu.

Abin da ya canja tun 2023

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, aka rufe iyakokin Benin da Najeriya. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, iyakar Najeriya ta buɗe a watan Maris, amma hukumomin Nijar suka bar gadar Gaya a rufe. Kaya suka koma biyowa daga Lome ta Burkina Faso, ta Kaya da Dori da Tera, cikin ayari da rakiyar sojoji. Hanyar ta fi daɗewa, ta fi tsada, kuma kuɗin jiran ayari yana hawa kan kowace taya da kowane batir da ya iso kasuwa.

Akwai kuma batun kuɗin waje. Sefa a ɗaure take da Yuro, kusan Sefa 656 kan Yuro ɗaya, don haka kayan Turai ba sa hawa da sauka saboda canji. Kayan da ake saya da Dala daga Dubai ko Sin ko Amurka suna bin motsin Dala, waɗanda ake kawowa daga Kano da Legas kuma suna bin Naira. Wannan ne ya sa farashin abu ɗaya kan bambanta daga shago zuwa shago gwargwadon inda ɗan kasuwa ya sayo shi da lokacin da ya sayo.

Kuɗin takardu

Akwai kuɗin da mai mota zai biya ko motar ta motsa ko ba ta motsa ba. Na farko shi ne na shigowa: harajin duwan da TVA mai kashi 19 cikin ɗari, sai rajista da lamba. An kafa ofishin GUAN a Yamai domin a tattara waɗannan ayyuka wuri guda. Wanda ya sayi mota a hannun wani a cikin gari ya tabbatar an yi mata duwan, ya kuma mayar da kart giriz da sunansa. Motar da takardunta ke ɗauke da sunan wani tana jawo rigima ranar haɗari, ranar sayarwa, ko ranar rabon gado.

Sai na kowace shekara. Binyet haraji ne da ake biya gwargwadon ƙarfin injin da aka rubuta a kart giriz, saboda haka babbar mota mai araha a kasuwa tana iya zama mai tsada a gidan haraji. Inshora, wadda aka fi sani da asirans, dole ce. Nijar tana cikin ƙungiyar CIMA da aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde a 1992, dokar ƙungiyar kuma ta wajabta wa kowace mota inshorar da za ta biya ɓarnar da ta yi wa wasu. Wannan mafi ƙarancin inshora ba ta gyara motar mai ita, wanda aka buge ko aka yi wa ɓarna take biya. Mutane da yawa ba sa gane haka sai bayan haɗari. Na uku shi ne bizit, wato duba lafiyar mota: birki, fitilu, taya, sitiyari da hayaƙi. Motocin haya sun fi na gida yawan zuwa wannan dubawa. Wanda ke fita wajen gari zai ƙara da kuɗin hanya da ake biya a shingaye domin asusun gyaran tituna.

Kuɗin mai

Ga mafi yawan masu mota, mai ne ya fi komai cin kuɗi. Tun buɗe matatar SORAZ ta Damagaram a Nuwamban 2011, mai iya tace ganga 20,000 a rana, Nijar take shan man da ta tace da kanta, kamfanin SONIDEP na rarrabawa, gwamnati na tsayar da farashi. Litar fetur ta daɗe a kan Sefa 540. A watan Yulin 2024 aka rage ta zuwa 499, wato dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal kuma ya sauko daga 668 zuwa 618.

Ga misalin lissafi da wannan farashi. Mutumin da ke yin kilomita 30 a rana zai yi wajen 11,000 a shekara. In motarsa tana shan lita 8 a kowane kilomita 100, zai sayi lita 880, wato Sefa 439,120. In ta tsufa ba a kula da ita ba har ta koma shan lita 11, zai sayi lita 1,210, wato Sefa 603,790. Bambancin ya kai Sefa 164,670, kusan albashin wata huɗu na mai karɓar mafi ƙarancin albashi, wanda ya koma jika 42 tun Janairun 2024. Abubuwan da ke jawo irin wannan ƙarin sha ƙanana ne: filtar iska da ƙura ta toshe, buji da suka ƙone, taya mara isasshiyar iska, birkin da ke riƙewa, da na'urar auna hayaƙi da ta mutu. Dukansu in aka haɗa kuɗin gyaransu bai kai asarar man ba. Kunna kilim ma yana ƙara sha, musamman a cunkoso.

Man kwalba na ƴan ruwa-ruwa ya yi ƙarfi a Maraɗi da Ƙonni da Damagaram lokacin da fetur ɗin Najeriya ke da araha. Cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023 ya rage wannan ciniki, jama'a suka koma gidajen mai, buƙata ta yi wa matatar yawa, har aka ga dogayen layuka a Yamai a watan Maris na 2025. A irin wannan lokaci ne ake sayen mai a jarka ko kwalba, wanda ƙura ko ruwa kan shiga. Tsohon inji mai kabureta yakan jure, amma inji mai injekta ba ya jurewa. Haka nan yawo da tanki kusan wayam yana kashe famfon mai, domin a yawancin motoci famfon a cikin tanki yake, man ne ke sanyaya shi.

Zafi, ƙura da ruwan sama

Littafin da kamfani ke bayarwa tare da mota yakan ware jadawali biyu, na yanayi mai sauƙi da na yanayi mai tsanani. Yamai tana cikin na biyu ta kowace fuska. A watannin Afrilu da Mayu zafin rana yakan haura digiri 40, daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu na kawo ƙura, daga Yuni zuwa Satumba kuma ruwa na kwanciya a unguwannin da ba su da magudanai. Titunan cikin unguwanni da yawa yashi ne da jar ƙasa.

Zafi ya fi cutar da sashen sanyaya inji. Lagireto, famfon ruwa, fanka, robobin ruwa da murfin lagireto duk suna tsufa tare. Zuba ruwan famfo ko na rijiya zalla yana tara tsatsa da gishiri a cikin ƙananan bututu har su toshe. Ruwan sanyaya inji mai launi yana hana tsatsa, kuma ba ya saurin tafasa. A gareji da yawa akan cire tamostat, wato ƙaramar ƙofar da ke daidaita zagayen ruwa, da hujjar cewa don ƙasashen sanyi aka yi ta. Cire ta na sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, a wasu injuna ma ruwan ya riƙa kewayawa ba tare da ya bi ta lagireto sosai ba. In ta lalace sabuwa ake sakawa. Idan allurar zafi ta hau, a tsaya nan take a kashe inji, kada kuma a buɗe murfin lagireto sai ya huce. Ci gaba da tafiya na minti kaɗan yana ƙona gasket ɗin kan inji ko ya lanƙwasa kan gaba ɗaya, gyaran da ya ninka kuɗin robar ruwa sau da dama.

Ƙura kuwa ta filtar iska take shiga. Filtar da ta yage, ko akwatinta da ba ya rufuwa daidai, na barin yashi ya isa cikin inji ya riƙa cin ring da silinda kamar sabulu a ruwa. Alamar ita ce hayaƙi mai shuɗi-shuɗi da raguwar baƙin mai tsakanin juye da juye. Hura filta da iska mai ƙarfi yana taimakawa sau ɗaya ko biyu, bayan haka takardar kan huje.

Damina na da nata haɗari. Yamai ta ga babbar ambaliya a 2020, a Agustan 2024 kuma ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga birnin na kwanaki. Idan inji ya zuƙi ruwa ta bututun iska ya mutu a tsakiyar kududdufi, kada a sake tayar da shi. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska, yunƙurin tayarwa na lanƙwasa sandunan fistin. A tura motar waje, a cire buji, a fitar da ruwan, a yi juye.

Ayyukan da ke da lokaci

Juye, wanda ake kira bidanj a gareji, shi ne aikin da ya fi kowanne arha idan aka gwada da abin da yake karewa. Ga tsohon inji a yanayin Yamai, kilomita 5,000 ko wata shida, duk wanda ya riga zuwa, shi ne ma'aunin da ya fi aminci, kuma a canja filtar mai tare. A yi amfani da kaurin man da littafin motar ya ambata. Zuba mai kauri sosai don a rufe ƙarar inji yana ɓoye ciwo ne kawai, a injunan zamani masu ƙananan hanyoyin mai kuma yana iya ƙara shi. Baƙin man da ake aunawa daga buɗaɗɗiyar ganga ba a san asalinsa ba, galan mai hatimi daga gidan mai ya fi tabbas.

Bel ɗin cikin inji mai haɗa motsin sama da na ƙasa yana da wa'adi, galibi tsakanin kilomita 60,000 da 100,000 ko shekara biyar. Ba ya ba da sanarwa kafin ya tsinke, a injuna da yawa kuma, har da mafi yawan na Peugeot, tsinkewarsa na sa fistin ya daki bawul. Starlet da Corolla na shekarun 1990 bel gare su, Corolla masu injin VVT-i na wajen 2000 zuwa sama sarƙa gare su, wadda ke daɗewa muddin ana juye kan lokaci. Wanda ya sayi mota mai bel ba tare da shaidar ranar da aka canja shi ba, ya canja shi a watan farko.

Ruwan birki yana shan laima daga iska, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu. Giya mai sarrafa kanta tana da man da ya keɓanta da ita, zuba wani daban na iya kashe ta, gyaranta kuma na cikin mafi tsada. Motocin gazuwal na Turai daga wajen 2009 suna da matacin toka a salansa wanda ke toshewa idan tafiyar duka gajera ce a cikin gari. Mai niyyar sayen irinsu ya san da haka tun kafin ya biya.

Taya, birki da batir

A nan ne tsimi ke iya zama sanadin rai. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, na 2023 ya ce mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka gwada da yawan jama'a. A Nijar hukumar ANISER ce ke kula da kiyaye haɗurra. Titin ƙasa mai lamba 1, wanda ya tashi daga Yamai ya bi Dosso da Dogon Dutsi da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram, doguwar tafiya ce a kan kwalta mai zafi, kuma a irinta ne tsohuwar taya ke fashewa.

Kowace taya na ɗauke da ranar haihuwarta. A gefenta, bayan haruffan DOT, alƙaluma huɗu na ƙarshe suna nuna mako da shekara: 2318 na nufin mako na 23 na 2018. Roba tana bushewa ko da zanenta bai cinye ba. Bayan shekara biyar a riƙa duba ta sosai, wadda ta kai goma kuma a cire ta ko da ba ta taɓa taka ƙasa ba. Cikin tayoyin gwanjo da ake kawowa daga Turai akwai na lokacin ƙanƙara, masu hoton dutse da ƙanƙara a gefe. Robarsu taushi gare ta, zafin Sahel na cinye ta da wuri. A auna iska da safe kafin taya ta ɗumama, a bi adadin da aka rubuta a jikin ƙofar direba. Ƙarancin iska ne ke sa taya ta yi zafi ta fashe, don haka rage iska saboda tsoron rana kuskure ne. Kada a manta da safaya.

Batir ma zafi ke kashe shi, sau da yawa cikin shekara biyu zuwa uku. Kafin a sayi sabo a sa mai lantarki ya auna: cikakken batir yana nuna wajen bolt 12.6 idan inji a kashe yake, idan yana aiki kuma ya kamata a ga tsakanin 13.5 da 14.5. In bai kai haka ba, na'urar caji ce ke da matsala, kuma za ta kashe sabon batir kamar yadda ta kashe tsohon.

Kayan gyara da zaɓen bakanike

Kayan gyara iri uku ne a Yamai. Akwai na asali daga wakilin kamfani, kamar CFAO mai wakiltar Toyota, su ne mafi tsada. Akwai sababbi na wasu masana'antu, daga masu kyau ƙwarai har zuwa jabu mai kwalin da ya yi kama da na asali. Sai na hannu da aka ciro daga wasu motoci, waɗanda ake samu a kasuwar ferai ta Turaku da Katako. Kowanne da inda ya dace. Ƙofa, fitila, madubi, akwatin giya, har inji sukutum, na hannu na asali yakan fi sabon jabu. Amma fatun birki, bel, filta, robobin ruwa da ƙusoshin sitiyari sababbi ake saya, daga shagon da zai karɓi kayansa in bai yi ba. Araha ba ta ado, abin da aka saya sau uku kuma an biya kuɗin aiki sau uku.

Samuwar kayan gyara ce ta sa Toyota ta mamaye titunan Yamai, kamar yadda Peugeot 404 da 504 suka yi a da, lokacin da masana'antar Kaduna ke haɗa Peugeot tun 1975 kuma kayanta ke ƙetaro iyaka. Motar da ba ta da ƴan'uwa a gari tana da araha ranar saye, amma ƙaramin abu zai iya zaunar da ita wata guda ana jiran saƙo daga Lome ko Dubai.

Galibin kanikawa a hannun maigida suka koyi aiki, da yawansu kuma sun san tsofaffin injuna ciki da waje. Inda ake samun matsala shi ne motoci masu kwamfuta. Motocin Amurka tun 1996, da na fetur na Turai tun 2001, suna da mahaɗar da ake sa na'ura ta karanta abin da ke damunsu. Biyan kuɗin wannan bincike ya fi canja kaya ɗaya bayan ɗaya bisa zato. Cire ƙwan fitilar gargaɗi ko liƙe ta ba ya gyara komai. Yana da kyau mutum ya tsaya ga bakanike ɗaya da ya san motar, a yi ciniki kafin a kwance, a raba kuɗin kaya da kuɗin aiki, kuma a karɓi tsohon abin da aka cire.

Yadda ake lissafin shekara

Ƙaramin littafi a aljihun mota ya isa. A rubuta rana, kilomita, abin da aka yi da kuɗin da aka biya, har da na mai. Bayan wata goma sha biyu a haɗa takardu, mai, gyaran lokaci-lokaci da gyaran ba-zata, a raba da kilomitan da aka yi. Abin da ya fito shi ne ainihin kuɗin kowane kilomita, kuma da shi ake gwada mota da tasi, da babur, ko da wata motar.

Taya huɗu, batir, kulos da bel ba sa zuwa kowane wata, amma tabbas suna zuwa, wani lokaci a watan azumi ko na komawa makaranta. Wanda ya ware, alal misali, Sefa 20 kan kowane kilomita zai tara jika 220 a shekarar da ya yi kilomita 11,000, wato wajen jika 18 a wata. Ko a asusu ko a adashi, wannan ajiya ce ke hana gyaran jika hamsin ya jira har ya zama na jika ɗari biyar. Ga mai tasi lissafin ya fi tsanani, domin duk ranar da mota ta kwana a gareji an rasa kuɗin yinin da direba ke kawowa, direban ma ya rasa na cefane.

Gyara ko sayarwa

Tsohuwar mota tana da fa'ida guda babba: darajarta ta riga ta faɗi, ba ta ƙara faɗuwa sosai. Saboda haka gyara mai tsada ba dalilin sayarwa ba ne shi kaɗai. Wanda ya sayar da motar da ya san ciwonta ya sayi wata ta hannu, ya sayi ciwon da bai sani ba, ga kuɗin sababbin takardu. Idan ƙashin motar lafiya yake, giya na aiki, kayan gyaranta na nan a kasuwa, sauya inji ma yakan fi sauya mota sauƙi.

Akwai alamun da ke nuna lokaci ya yi. Na farko, tsatsa ko karaya a ƙashin mota da wuraren da ƙafafu ke ɗaure, domin walda ba ta mayar da ƙarfin asali. Na biyu, inji da giya su gaji a lokaci guda. Na uku, lantarkin da ya rikice bayan mota ta nutse a ruwa, wanda kan dawo da sabon ciwo duk wata. Na huɗu, littafin ya nuna shekara biyu a jere kuɗin gyaran ba-zata ya kai rabin abin da za a sayi motar a kasuwa. Na biyar, mai ita ya fara jin tsoron ɗaukar iyalinsa zuwa Dosso da ita.

Idan an yanke shawarar sayarwa, a faɗa wa mai saye ciwon da aka sani, a rubuta takardar ciniki da shaidu, a tabbatar an canja suna a kart giriz. Motar da ta wuce gyara ma tana da kuɗi: ƴan ferai na sayenta su kwance su sayar da sassa, maƙeran Katako na narka alminiyon su zuba tukwane. Tsohon batir yana da dalma da ruwan asid, masu sayar da sabo sukan karɓe shi su rage kuɗi. Baƙin man juye kuma a bar shi a gareji cikin jarka, kada a zubar a kwata ko a ƙasa, domin daga nan rijiyoyi da kogi yake nufa.